Sharhi a kan Hausar Gargaɗin Intanet: Kalmomin "Kutse", "Sabuntawa" da "Amintacce" a Ƙasar Hawandawaki

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2025 aka fitar da sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar, wanda ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗora wa masu nazarin harshe nauyi babba, domin kuwa harshen ƙasa tilas ne ya iya ɗaukar kowane irin zance, tun daga na shari'a da na asibiti har zuwa na na'urorin zamani. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wani ɗan ɓangare na wannan nauyi, wato Hausar da ake amfani da ita wajen gargaɗin mutane game da shafukan intanet na yaudara, da kuma wajen jawo hankalinsu su riƙa gyara burauzar da ke cikin wayoyinsu.

An ɗauki Hawandawaki a matsayin ma'auni. Wannan ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, kusa da iyakar Nijeriya. Mutanenta manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa, kuma kamar sauran garuruwan yankin Tasawa da Mayahi, samari da yawa kan fita cin rani su riƙa aiko da kuɗi gida. Wayar da aka sayo daga kasuwannin Nijeriya takan zo da Ingilishi, wadda aka sayo daga Maraɗi ko Yamai kuma takan zo da Faransanci, alhali mai riƙe da ita da Hausa yake tunani. Saboda haka abin da yake kai masa ma'anar gargaɗin shi ne bakin mai sharhi a rediyo, ko malamin yaƙi da jahilci, ko yaron da ke cajin waya a bakin kasuwa. Idan kalmar da waɗannan suka ba shi ta karkace, kuɗin takinsa ne ke cikin haɗari.

2.0 Yadda kariyar take aiki

Kafin a auna kalma, ya kamata a san abin da aka sa ta ta ɗauka. Burauza manhaja ce da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Opera Mini. Yaudarar da ake magana a kai kuwa ita ce wadda ake kira phishing da Ingilishi. Kalmar ta bayyana ne a Amurka a tsakiyar shekarun 1990, tsakanin masu satar lambobin sirri na abokan cinikin kamfanin AOL, kuma an gina ta a kan kalmar Ingilishi ta kamun kifi. Macuci kan ƙera shafi mai kama da na banki ko na kamfanin waya ko na wata ƙungiyar agaji, ya aika da adireshinsa ta saƙon waya ko ta WhatsApp, da alkawarin tallafi ko kyautar data ko aikin yi. Wanda ya shiga ya rubuta lambar wayarsa da lambar sirrinsa, to ya miƙa su ne hannun macucin.

Kariyar da burauza ke bayarwa iri biyu ce, kuma rashin bambance su shi ne tushen kuskuren fassara da za a gani nan gaba. Ta farko ita ce jerin sunayen miyagun shafuka. Tun a 2006 Firefox ta 2 da Internet Explorer ta 7 suka fito da wannan dabara a jikinsu, Chrome kuma ta zo da ita da aka fitar da ita a 2008. Idan mutum ya nufi shafin da ke cikin jerin, sai allon waya ya rikiɗe ya yi ja, da rubutun gargaɗi. A 2024 kamfanin Google ya bayyana cewa jerin da ake saukewa cikin na'ura yakan sabunta ne bayan minti 30 zuwa 60, alhali matsakaicin ran mugun shafi bai kai minti 10 ba, don haka ya koma tantance adireshi nan take. Kariya ta biyu ita ce gyaran ita kanta manhajar, wato toshe kafofin da aka gano a jikinta. A 2021 Chrome ta koma fitar da babban sabon zubi duk mako huɗu, ban da ƙananan gyare-gyare na gaggawa da ke biyo baya. Na'urar da ta tsufa kuwa akan daina aiko mata da gyara: kwamfuta mai Windows 7 ta tsaya a Chrome ta 109 a farkon 2023, waya mai Android 7 kuma ta tsaya a ta 119 a ƙarshen wannan shekara. Tsofaffin wayoyi na hannu na biyu da na uku su ne suka fi gangarowa karkara, don haka wannan batu ya shafi Hawandawaki fiye da yadda ya shafi Yamai.

3.0 Kalmomin da ake amfani da su

Ƙamusoshin da ɗalibai suka dogara da su, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham, har zuwa littafin McIntyre da Meyer-Bahlburg na 1991 a kan Hausar kafofin watsa labarai, duk sun riga wannan fage zuwa. Ƴan jarida da masu fassara ne suka cike giɓin, cikin gaggawar aiki, kuma sun cancanci yabo a kan wasu kalmomi. "Manhaja" ta zauna daram, "lambar sirri" ba ta buƙatar bayani, "shafi" kuma ta karɓi sabuwar ma'anarta ba tare da gardama ba. Ita ma "burauza" aro ce da ta bi ƙa'idar furucin Hausa, ta raba baƙaƙen da suka haɗu ta kuma ƙare da wasali. Sai dai akwai kalmomi uku da suke buƙatar a sake duba su.

3.1 "Kutse"

Wannan kalma ta yaɗu ƙwarai, har ta zama akan jefa ta a kan kowane irin laifi na intanet. Asalinta daga aikatau "kutsa" ne, wato shiga wuri da ƙarfi ko ba da izini ba, kamar yadda akuya kan kutsa cikin danga. Ta dace da mai fasa rumbun bayanan wata ma'aikata daga nesa. Amma a duba waɗannan jimloli biyu:

(1) An yi masa kutse, an kwashe kuɗinsa.
(2) An ɗana masa tarko, ya rubuta lambar sirrinsa, an kwashe kuɗinsa.

Jimla ta (1) tana nuna wa mai sauraro cewa abin ya auku ne ba da hannun mai wayar ba, kamar ɓarawo ya haura katanga cikin dare. Wanda ya ji haka zai ɗauka ba shi da abin yi sai addu'a. Jimla ta (2) kuwa ta bayyana matakin da mai wayar ya taka da ƙafarsa, wanda kuma shi ne matakin da zai iya ƙin takawa. Tun da yake dukan amfanin gargaɗi shi ne ya tsai da mutum a wannan mataki, kalmar da ta ɓoye matakin ta rushe gargaɗin.

"Damfara" da "zamba" sun fi "kutse" kusa, sai dai sun yi faɗi, don sun haɗa da mai sayar da gonar da ba tasa ba da mai ninka kuɗi. Masu Faransanci ma sun sha wannan wahala. A Kebek ta ƙasar Kanada an ƙirƙiro hameçonnage a 2004, daga sunan ƙugiyar kamun kifi, hukumar kalmomi ta Faransa kuma ta zaɓi filoutage a 2006, daga sunan ɗan damfara. Ta farkon ce ta fi karɓuwa a bakin jama'a, kuma ana iya cewa hoton da take ɗauke da shi ne ya taimake ta. Hausa tana da "fatsa" da "ƙugiya" da "koto", kuma a bakin Kogin Kwara ko Tafkin Cadi za su yi aiki sosai. A ƙasar Tasawa kuwa, inda su ba sana'ar yau da kullum ba ce, yaro ya fi sanin tarkon kurciya da na ɓera. "Tarko" tana tafe da aikatau nata, wato "ɗana", tana kuma da hatsin da ake barbaɗawa don jawo tsuntsu, wanda ya yi daidai da alkawarin kyauta. Don haka "shafin tarko" da "saƙon tarko" sun fi cancanta, kuma masunci ma ba zai kasa gane su ba.

3.2 "Sabuntawa"

Ta fuskar ƙirar kalma babu aibi a nan. An samo ta daga "sabo", aka yi aikatau "sabunta", aka yi suna "sabuntawa". Aibin yana wajen abin da take tayarwa a zuciyar mai ji. Sabon abu a Hausa abin marmari ne: sabuwar riga, sabon fenti, sabon yayi. Mutumin da ke sayen data ta dala ashirin ko arba'in, yana lissafin kowane mega, idan aka ce masa ya sabunta burauzarsa zai ji kamar an ce ya yi wa waya kwalliya, kuma yana da hujja idan ya ce tsohuwar ma tana yi masa aiki. Ga shi kuwa abin da ake nufi ya fi kama da yaɓen da ake yi wa soro ko rumbu kafin damina. Ba wanda ke kiran wannan yaɓe ado, kowa ya san wanda ya bar tsaga a bango ruwa zai same shi a ɗaka.

Abin da ya kamata shi ne a raba ma'anar gida biyu. A bar "sabuntawa" ga canjin fasali da ƙarin abubuwan amfani, a riƙa cewa "toshe kafa" ko "gyaran tsaro" idan ana nufin rufe ɓarakar da macuta ke bi. Hausa ta riga ta tanadi karin maganar da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma da wuya a sami bayanin da ya fi wannan dacewa da batun.

Akwai wani haɗari kuma da ke tattare da sakin kalmar haka kawai. Macuta sun daɗe da gano cewa ana yi wa mutane wa'azin sabuntawa, sai suka shiga ƙera shafukan da ke cewa burauzarka ta tsufa, taɓa nan ka sabunta. Wanda ya taɓa, muguwar manhaja ya sauke. Ke nan duk mai koyar da wannan kalma wajibi ne ya haɗa ta da wurin da ake yin abin, wato ma'ajiyar manhajoji ta wayar, irin su Play Store, ko cikin saitin ita kanta burauzar. Haka nan ya kamata a faɗa wa mutane cewa manhajar da aka turo daga wayar wani zuwa ta wani, kamar yadda aka saba a rumfunan caji, tana iya zama tsohon zubi tun ranar da aka ɗora ta.

3.3 "Amintacce"

Wannan ita ce mafi haɗari cikin ukun. Shekaru da yawa burauza kan nuna hoton ɗan kwaɗo a gefen adireshi, masu wayar da kai kuma suka riƙa cewa shafin da ke da kwaɗo amintacce ne. A Hausa "aminci" da "amana" halayen mutum ne. Amintacce shi ne wanda za a ba ajiya a yi barci. Kwaɗon kuwa abin da yake nufi kaɗan ne: an rufe hanyar da ke tsakanin waya da shafin, ta yadda na uku ba zai leƙa abin da ke wucewa ba. Bai ce komai ba game da halin mai shafin. Wasiƙa ce cikin ambulan da aka liƙe da kyau, wadda mai yiwuwa ɓarawo ne zai buɗe ta a can.

Tun da aka fara ba da takardar shaidar wannan rufi kyauta, a tsakiyar shekarun 2010, shafukan tarko ma suka sami nasu kwaɗon. Hukumar bincike ta FBI a Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2019. Binciken da Google ya yi a 2021 ya nuna kashi 11 cikin 100 kacal na waɗanda aka tambaya ne suka fahimci ainihin ma'anar hoton, kuma a 2023 aka cire shi daga Chrome ta 117. Masu abin sun janye alamarsu, amma fassarar da aka yi mata tana nan tana yawo a bakin mutane. Daidai shi ne a ce "rufaffiyar hanya" ga mai rufi, a ce "buɗaɗɗiyar hanya, kada a rubuta sirri" ga marar rufi, a ajiye "amintacce" ga abin da aka san mai shi.

4.0 Baƙaƙe masu ƙugiya

Akwai wata fuska ta wannan matsala da ta shafi rubutun Hausa kai tsaye. Tun daga 2003 aka amince a riƙa rubuta adireshin intanet da baƙaƙen da ba na Ingilishi ba, ta hanyar wata dabara da ke juya su zuwa jerin da ke farawa da xn--. Tun kafin nan, a 2002, masana biyu, Gabrilovich da Gontmakher, sun nuna cewa ana iya yaudarar ido da baƙaƙe masu kama da juna. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar adireshi da baƙaƙen Rashanci zalla wanda a ido ba shi da bambanci da na kamfanin Apple. Chrome ta toshe wannan kafa a zubinta na 58, ta koma nuna irin wannan adireshi da siffarsa ta xn--. Wannan misali ne ƙarara na abin da gyaran tsaro ke yi, kuma wanda bai karɓi gyaran ba ya ci gaba da ganin jabun kamar na gaske.

Baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ sun shigo rubutun boko a shekarun 1930, taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 suka yi aikin daidaita rubutun tsakanin ƙasashe, Nijar kuma ta riƙe ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Amma keken rubutu da wayoyin farko ba su da waɗannan baƙaƙe, sai mutane suka saba rubuta "kafa" suna nufin "ƙafa", su rubuta "baki" suna nufin "baƙi", mai karatu kuma ya saba cike giɓin daga ma'anar jimla. Ma'ana, an horar da idon Bahaushe ya ɗauki ƙugiya a matsayin abin da ba ya canja komai. A wajen na'ura kuwa k da ƙ baƙaƙe biyu ne da ba su haɗa komai ba, kuma adireshin da aka canja wa baƙi ɗaya gidan wani ne daban. Duk inda hukumar rajista ta yarda da irin waɗannan baƙaƙe, mai karatun da ba ya kula da ƙugiya ya fi kowa saurin faɗawa. Ashe nacewar da malaman makarantun gwaji suka yi a kan ƙa'idojin rubutu, tun daga makarantar farko ta Damagaram a 1973, tana da wani amfani da ba a hango ba a lokacin. Yaron da aka koya wa duban baƙi ɗaya ɗaya shi ne zai lura an sauya harafi ko an ƙara wani a adireshin banki.

5.0 Ginin jimlar gargaɗi

Bayan zaɓen kalma sai tsarin jimla. Gargaɗin Ingilishi da na Faransanci cike suke da kalmomin kaffa-kaffa, irin na lauyoyin kamfani, kuma mai fassara kalma da kalma kan fito da abu kamar haka:

(3) Mai yiwuwa maharan da ke kan wannan shafi su yi yunƙurin yaudarar ka zuwa ga aikata wani abu mai haɗari.

Aibin (3) uku ne. "Mai yiwuwa" a farkon jimla tana sassauta zance, har mai ji ya ɗauka abin zaɓi ne. "Mahara" a kunnen mutumin kan iyaka masu bindiga ne a kan babura, kuma da ya duba bai ga alamarsu ba zai raina gargaɗin. Sannan "ka" ta ware mata, alhali Hausa tana bambanta "ka" da "ki", kuma mata da yawa su ke karɓar kuɗin da mazajensu da ƴaƴansu ke aikowa. Lamirin "a" ya warware wannan, kuma shi aka saba gani a allunan asibiti da na tasha. A gwada da wannan:

(4) A dakata! Wannan shafin tarko ne. Kada a rubuta lambar waya ko lambar sirri. A koma baya.

Jimlolin (4) gajeru ne, umurnin ya zo da wuri, an ambaci abin da za a rasa da sunansa, kuma ana iya karanta su da babbar murya ga wanda bai yi boko ba. Wannan na ƙarshe muhimmi ne, domin a karkarar Maraɗi masu karanta ajami da masu dogara da saƙon murya suna da yawa.

Wajibi ne kuma a kula da bambancin Hausar ƙasashen biyu. Fassarar manyan kamfanoni, tun daga Hausar da Microsoft ta sa wa Windows, zuwa shigar Hausa cikin Google Translate a 2013 da Facebook a 2016, ta fi karkata ga Hausar Kano da aron Ingilishi. Mutumin Hawandawaki yana jin wannan Hausa, amma da "kod" ya saba kiran lambar sirri, da dala da jika yake ƙirga kuɗi, inda dala take tamma 5, jika kuma 1000. Misalin da aka ba shi da naira ko da lambar dokar 419 ta Nijeriya zai gane shi, sai dai zai ɗauke shi labarin ƙetaren iyaka. Nijar tana da tata dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, da dokar kare bayanan mutane, wadda zubinta na farko na 2017 ne ya kafa hukumar HAPDP, kuma da su ya kamata a riƙa kafa hujja idan ana magana da ɗan Nijar.

6.0 Kammalawa

An ga cewa "kutse" tana ɓoye hannun wanda aka cuta, "sabuntawa" tana mai da gyaran dole abin marmari, "amintacce" kuma tana ba da shaidar da na'ura ba ta bayar ba. An ba da shawarar "shafin tarko" da "toshe kafa" da "rufaffiyar hanya" a madadinsu, tare da lamirin "a" da gajerun jimloli. Waɗannan shawarwari ne, kuma bakin jama'a ne zai yanke hukunci a kansu, kamar yadda ya yi wa kalmomi da yawa da kwamitoci suka ƙirƙira suka mutu a takarda. Abin da ya rage ga cibiyoyin nazarin harshe na Yamai da Kano da Sakkwato da Zariya shi ne su zauna da ma'aikatan rediyon karkara da na kamfanonin waya, su fitar da ɗan jerin kalmomi guda da za a gwada a kasuwannin Tasawa da Mayahi kafin a buga shi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a karanta wa manomi da matar aure gargaɗin sau ɗaya, a tambaye su abin da za su yi da wayar bayan sun ji shi.